Turaren Raɓa da Tabon Juma'a

An ce wai a garin Kwarin Tsamiya an yi wani ɗan koli mai suna Anaruwa, kuma maci amana ne. Ba zan sassauta kalmar ba. Ya yi ha'inci a cikin sana'a, ya cuci waɗanda suka saya a hannunsa, da abin ya tashi fallasa sai ya ɗauki laifin ya ɗora wa matar da ta rene shi, alhali ya san ƙazafin da ya yi mata yana iya kai ta kabari.

Matar nan sunanta Tasallah, matar wansa ce. Ta zo gidan tana amarya ta tarar da Anaruwa ko kaciya ba a yi masa ba, uwarsa kuma ta rasu. Ita ta riƙa yi masa wanka, tana cire masa ƙaya, tana ajiye masa ƙanzo. Da wan ya mutu ba ta sake aure ba. Ta zauna da sana'ar da ta gada wurin uwarta, wato haɗa turare.

Turare iri ɗaya take yi, ana ce masa Raɓa. Turarukan da aka saba da su a garin masu nauyi ne, miski da wardi da hayaƙin itace, waɗanda in bazara ta tsananta sai su haɗu da gumi su sa wa mutum ciwon kai. Raɓa ba haka yake ba. In an buɗe kwalbar, lemun tsami ne zai fara bugun hanci, kamar yanzu aka yanka shi a bakin randa. Kafin mutum ya gama shaƙa sai na'a-na'a da ɗoɗɗoya su biyo baya, da ɗan ƙamshin ganyen tsauri mai kama da ciyawar da aka yanka da sassafe. In an jima duk waɗannan su lafa, sai saiwar jema ta rage a jikin riga, ƙamshi mai sanyi irin na sabon tulu. Ba ya riga mai shi shiga ɗaki, ba ya kuma cika wa na kusa ciki. Wanda ya shafa shi ji yake kamar yanzu ya fito daga wanka, ko da tun safe yake cikin kasuwa. Saboda haka maza suka riƙe shi turaren Juma'a.

Aikinsa yana da wuya. Tasallah takan fere ɓawon lemun tsami kwando guda, ta zuba a tukunya da ganyayen da ruwa, ta kifa wata tukunyar a kai, ta liƙe bakin da laka. Tururin yana bin bututun gora ya sauka cikin tulun da ta kafa a ruwan sanyi, yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Yini guda tana iza wuta, abin da za ta yaɗe a saman ruwan bai wuce cikin cokali biyu ba. Shi take haɗawa da man zogale, ta rufe, ta bar shi ya kwana arba'in. Haka ta ga uwarta tana yi, haka take yi, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Mata sukan aika gidanta su saya. Na maza kuwa Anaruwa take ba wa ya zaga da shi cikin kayan kolinsa.

Masu nema sun fi turaren yawa, a nan ne kwaɗayi ya shiga Anaruwa. Ya ce a ransa, me ya sa za a ƙone itace yini guda saboda cokali biyu? Ya sayo lemun tsami, ya kankare ɗanyen ɓawon, ya matse shi cikin tsumma, ya dama da mai da dakakken ganye, ya ɗura a kwalabe irin nata. Ƙamshin ma ya fi nata ƙarfi. Ran da ya fara wannan aiki a tsakar gidansa ya yi, da tsakar rana. Bayan kwana biyu bayan hannuwansa ya yi bororo kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ya shige ɗaki ya ce zazzaɓi yake yi. Da ya warke ya sake gwadawa, ya lura, har ya gane abin da ya ƙone shi. Daga nan bai ƙara yin aikin ba sai a cikin ɗaki, kuma ba ya fitowa sai ya wanke hannu da toka. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma daina sayarwa ba.

Juma'ar farko da jabun ya shiga gari, mutum huɗu suka tashi ranar Lahadi da wuya a kumbure. Juma'a ta biyu aka ƙara biyar. Wurin yakan fara da ja da raɗaɗi, sa'an nan ya tashi bororo, in ya fashe ya bar baƙin tabo. Abin da ya firgita mutane ba ciwon ba ne, siffarsa ce. Tabon shatin yatsu ne, huɗu a gefe ɗaya na wuya, babban yatsa a ɗaya gefen, kamar wani hannu da ba a gani ya shaƙe mutum.

Tsoro ya sauka a garin. Mata suka riƙa jan 'ya'yansu in mai tabo ya doso. Aka daina haɗa kwano da su. Wasu suka ce kuturta ce sabuwa, wasu suka ce kuturta ba ta da yatsu. Maza suka riƙa duba wuyansu a cikin ruwan alwala, wanda sauro ya ciza sai ya yini yana shafa wurin yana salati. Da aka lura duk mutum taran bayan sallar Juma'a abin ya same su, sai wasu suka fara cewa gara su yi azahar a gida.

Cikin mutum taran akwai Nomau mahauci, ƙato ne mai faɗa, wanda bai taɓa ja da baya ga bijimi ba. Kwana goma babu wanda ya sayi namansa, har ya rufe rumfa. Shi ne ya fara tunawa da turaren. Ya tare Anaruwa a bakin kasuwa ranar Litinin da hantsi, ya ci kwalarsa.

Ya ce, “Kai ɗan koli, me ka sayar mini? Duk wanda na tambaya cikinmu, Raɓa ya shafa. Dubi wuyana. Yau sai ka gaya mini abin da ke cikin kwalbar nan.”

Mutane suka kewaye su. Anaruwa ya dubi hannun mahaucin, ya dubi fuskokin jama'a, ya ga in ya faɗi gaskiya ba zai kai azahar ba. Sai ya fashe da kuka.

Ya ce, “Jama'a, ni ɗan aike ne, abin da aka ba ni nake sayarwa. Na daɗe ina haɗiye maganar nan saboda kunyar rainon da aka yi mini. Yaya Tasallah ce. Wa ya taɓa ganin abin da take zubawa in ta liƙe tukunyar nan? Ni na ji tana kiran sunayen mutane a kan wutar. Ku tambayi kanku yadda wana ya mutu.”

Kalmar da bai furta ba, jama'a suka furta masa. Wani ya ce mayya, sai gari ya ɗauka.

Tasallah tana tsugune tana fere lemo ta ji hayaniya tana matsowa. Kafin ta miƙe dutse ya fasa tukunyar da ke kan murhu. Suka shigo ta zaure, suka hauro ta katanga. Aka farfasa tuluna, aka tattake kwalabe, ƙamshin lemo da na'a-na'a ya cika gidan, mutane suna toshe hanci da bakin riga suna ja da baya don tsoronsa. Suna ihu, “Ta tsallake su! A tuɓe ta ta tsallake su!” Al'adar garin ce, in an kama wadda ake zargi da maita, a yi mata tsirara a bainar jama'a, a sa ta tsallake wanda aka ce ta kama don ta saki kurwarsa. In bai warke nan take ba, duka ne har sai ta daina motsi. Tasallah ta san wannan, tana yarinya ta ga an yi wa wata. Ta ƙanƙame zanenta da hannu biyu, tana ta neman fuska ɗaya da ta sani. Da ta hango Anaruwa a bayan mutane sai ta ji sanyi, ta ce, “Ana, zo ka gaya musu!” Ya sunkuyar da kai.

Allah ya sa dogarawan alkali suna kusa. Suka kutsa da sanduna, suka fitar da ita, suka kai ta gaban Alkali Zubairu, jama'a na biye.

Alkali Zubairu tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya dubi taron ya san halin da yake ciki. In ya sake ta, ba za ta kai ƙofar gida da rai ba. In ya miƙa musu ita, ya sa hannu a jinin da bai san laifinsa ba. Shaida kuwa babu, sai bakin mutum ɗaya da tsoron gari guda.

Ya sa aka kawo kwalbar Nomau. Dogarin da ya ɗauko ta a cikin ƙwarya ya sa ta, ya miƙe hannu nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da maciji. Alkali ya ce wa Tasallah, “Baiwar Allah, wannan naki ne?”

Ta shinshina. Ta ce, “Allah ya gafarta Malam, kwalbar irin tawa ce, amma na ciki ba nawa ba ne. Nawa garau yake kamar ruwa. Wannan kore ne, kuma yana da ɗaci a hanci.”

Anaruwa ya ce, “To da me za ta ce? Allah ya gafarta Malam, ni ko tukunya ban iya ɗorawa ba.”

Alkali ya kira mutum taran ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Da ya zo kan Nomau ya ce, “Yaushe ka shafa?”

“Ranar Juma'a, da zan tafi masallaci.”

“A ina ka yi sallar?”

“A masallaci mana, Allah ya gafarta Malam.”

“Ciki ko waje?”

Nomau ya ce, “Mahauci ina zai samu ciki? Kafin in wanke jini in sa riga, an cika. A fili na shimfiɗa buzuna.”

Duk taran haka suka ce, a waje suka yi. Jama'a suka fara gunaguni. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Ana maganar mayya, Malam yana tambayar sahu!”

Alkali ya ce, “Ku saurara. Matar nan tana hannuna, kuma duk wanda ya taɓa ta kafin in yanke hukunci, ni da shi ne. Ku ba ni kwana uku. Ranar Alhamis da hantsi kowa ya dawo.”

Nomau ya ce, “Mun ba da kwana uku saboda girmanka. Amma wallahi ba za mu sake shiga wata Juma'ar tana numfashi a garin nan ba tare da ta sake mu ba.”

Aka shigar da Tasallah cikin gida wurin uwargidan alkali. Da taro ya watse, alkali ya tambayi uwargidan ko tana da Raɓa. Ta ce tana da kwalba ɗaya da ta aika aka sayo mata daga hannun Tasallah. Ya karɓa, ya haɗa da ta Nomau, ya ɗauki wani tsumma, ya zaga bayan gida shi kaɗai. An ga ya daɗe tsaye da kwalbar mahaucin a hannu kafin ya buɗe ta, don shi ma mutum ne, kuma ya ga wuyan mutanen nan da idonsa. Ya yi bisimilla. Bai dawo ba sai da aka kira azahar, bai kuma gaya wa kowa abin da ya yi ba.

Kwana ukun nan Tasallah ba ta ci abin kirki ba. Samari suna zaune a ƙofar gidan tun safe har yamma don kada a fitar da ita. Lokaci-lokaci dutse yakan faɗo tsakar gida. Ko tabarya aka ajiye da ƙarfi sai ta zabura ta kama zanenta. Masu aikin gidan ba sa haɗa ido da ita, kwanon da ta sha ruwa a gefe ake ajiye shi. Ran Laraba ta ce wa uwargidan, “Ni ba mutuwar ce ta fi tsaya mini ba. Tsiraicin ne. Yaran da na ga haihuwarsu su tsaya suna kallona.” Sa'an nan ta ce, “Kuma har yanzu ina cewa ko tsorata shi suka yi. Yaron nan tun yana ƙarami matsoraci ne.”

Ranar Alhamis zauren alkali ya cika, na waje sun fi na ciki. An ga duwatsu a aljihun wasu. Aka zaunar da Tasallah a gefe, Anaruwa a gefe, kwalabe biyu a tsakiya.

Alkali ya ce, “Anaruwa, shekara nawa kana sayar da turaren nan?”

“Sun fi goma, Allah ya gafarta Malam.”

“Kai kana shafawa?”

Anaruwa ya ga in ya ce a'a za a tambaye shi dalili. Ya ce, “Kullum. Mai sayar da turare ai dole a ji shi a jikinsa.”

“Amma ga wuyanka sumul.”

“Ina da tsari, Allah ya gafarta Malam. Layata ba ta barin jikina. Ta sha gwada ni, ta kasa.”

Alkali ya ce, “Madalla. To kai ne za ka taimake mu. Ina so in ga aikin abin nan da idona, kuma ba zan sa wanda ba shi da tsari ya taɓa ba. Ga kwalbar Nomau. Ka shafa a gabanmu. Ita kuma ta shafa na waccan kwalbar, wanda ta yarda nata ne.”

Mutanen da ke kusa suka ja baya har suna taka juna. Anaruwa ya ɗaga kai ya dubi rufin zauren, soro ne mai kauri, ko tsinken haske ba ya shigowa. Sai ya yi murmushi. Ya tsiyaya turaren a tafin hannu, ya murza, ya shafa a wuya. Ya ƙara tsiyayawa ya shafe fuskarsa da hannu biyu tun daga goshi har haɓa, yana cewa, “Ku gani, jama'a. Mai gaskiya ba ya tsoro.” Wasu suka yi kabbara. Tasallah ita ma ta shafa nata a fuska da hannuwa. Ƙamshin lemo ya cika zauren, mutane suna rufe hanci.

Alkali ya bari aka ɗan jima. Sa'an nan ya ce, “Zauren nan ya yi mana kaɗan, na waje ba sa jin abin da ake faɗa, kuma shari'ar ta gari ce duka. A fitar da shimfiɗa filin masallaci.”

Aka fita. Rana ta kusa tsaka, bazara ce, sama babu ko ɗigon gajimare. Alkali ya sa aka zaunar da su biyun a tsakiyar fili, daidai inda sahun waje yake tsayawa ranar Juma'a. Ya ce a sake kiran mutum taran, kowa ya maimaita bayaninsa daga farko, a hankali, don kowa ya ji.

Na farko yana magana, Anaruwa ya ja hularsa ya rufe goshi. Na biyu yana magana, ya juya wa rana baya. Alkali ya ce, “Fuskanto ni, da kai ake shari'a.” Ya juyo. Na uku bai gama ba Anaruwa ya janyo hannun rigarsa ya lulluɓe kansa. Alkali ya sa dogari ya sauke rigar. Gumi ya keto masa, idanunsa suna ta zuwa kan inuwar wata bishiyar ɗurumi da ke gefen filin. Tasallah kuwa tana zaune inda aka ajiye ta, fuskarta a buɗe, ba ta ko lura da ranar ba. Hannuwan mutane take kallo, da aljihunsu.

Anaruwa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a ba ni izini in koma inuwa.”

Alkali ya ce, “Tsohuwa tana zaune, kai ɗan koli da kake yini kana zaga kasuwanni da kaya a ka? Zauna. Saura mutum shida.”

Na huɗu ya fara. Anaruwa ya ce, “To a ba ni ruwa, alwala zan yi.”

“Ba a kira salla ba.”

Na biyar ya tashi zai yi magana, sai Anaruwa ya miƙe zumbur ya nufi randar masallaci da gudu. Dogarawa suka riƙe shi. Ya riƙa fizge-fizge yana goge fuska da kafaɗa, muryarsa ta canza, yana cewa, “Ku sake ni in wanke! Don Allah ku bar ni in wanke, ranar nan za ta ƙone mini fuska! Har idona na shafa!”



Alkali ya ce, “Rana? Wa ya ambaci rana? Mako biyu garin nan yana cikin tsoro. Na ji an ce kuturta, na ji an ce maita, kai da bakinka ka ce sunaye ake kira a kan wuta. Ban ji mutum ɗaya ya ce rana ba. A cikin zaure, abin da ya sa ƙarti suke taka juna, kai ka shafa shi a fuska kana dariya. A nan fili, abin da ko jariri ba ya tsoro, shi ya sa kake kuka. Wanda ya gaskata maita ce, kwalbar zai ji tsoro, a inuwa ko a rana. Kai ka san ba maita ba ce. Gaya mana yadda aka yi ka sani.”



Sai alkali ya naɗe hannayen rigarsa ya ɗaga damatsansa sama. Na hagu lafiya lau. Na dama, daga gwiwar hannu zuwa tsakiya fata ce sumul, daga nan zuwa wuyan hannu kuwa bororo ne jere, ja da ruwa. Mutane suka yi salati.

Ya ce, “Ranar Litinin na shafa na matar nan a hagu, na shafa na kwalbar Nomau a dama. Na ɗaure rabin daman da tsumma, na zauna a rana. Ga inda tsumma ya rufe, ga inda rana ta gani. Mayya ba ta san tsumma ba. Nata da wuta ta dafa bai yi mini komai ba, ɗanyen ne yake ƙuna in rana ta same shi. Shi ya sa waɗanda suka sami cikin masallaci suka tsira, na sahun waje suka kamu. Nomau, matso. Ɗora hannunka na dama a wuyanka, yadda kake yi in za ka shafa turare.”

Nomau ya ɗora. Yatsunsa suka zauna a kan tabon daidai, huɗu a gefe, babba a gefe, babu ragi babu ƙari. Sauran takwas ɗin kowa ya ɗora nasa. Aka ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa daga aljihu, ɗaya bayan ɗaya.

Anaruwa ya zube ya faɗi komai, tun daga tsumman matsa har ƙunar hannunsa ta farko. Aka aika gidansa, aka tarar da tarin kankararren ɓawo a bayan gado da kwalabe cike. Sa'an nan alkali ya ce a ba shi ruwa da toka ya wanke.

Anaruwa ya rarrafa wajen Tasallah yana cewa, “Yaya, ki yafe mini. Tsoro ne ya sa.”

Ta dube shi ta daɗe. Ta ce, “Na san tsoro, Ana. Kwana uku ina cikinsa. Ban kira sunan kowa ba.” Ta gyara lulluɓinta ta kau da kai.

Nomau ya zo ya durƙusa a gabanta, ƙaton nan, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, “Inna, ni na fara jifan tukunyarki.” Ta ce, “To ka san inda ake sayar da wata.”

Alkali ya juya ga jama'a ya ce, “Ku kuma kada ku tafi kuna jin kun fita. Mutum ɗaya ya yi ƙarya, amma hannu ɗari ne suka ɗauki dutse. Tabon mutanen nan zai dushe kafin kaka. Da kun yi abin da kuka zo yi ranar Litinin, naku ba zai dushe ba.”

Abin da za a riƙe a nan shi ne, bakin mutum yana iya rantsuwa a kan abin da bai gaskata ba, amma tsoronsa ba ya bin ƙaryarsa. In kana son sanin abin da mutum ya ɓoye, bar sauraron abin da yake faɗa, ka dubi abin da yake gudu.

An tsare Anaruwa kwana uku. Fuskar Tasallah ba ta yi komai ba, tasa ta tashi, don wankin ya zo a makare. Ranar kasuwa aka yi masa bulala arba'in saboda ƙazafi. Aka fasa kwalabensa a rami aka binne. Aka sayar da kayan kolinsa aka yi jinyar mutum taran, aka mayar wa Tasallah tukwanenta. Sa'an nan aka raka shi ƙofar gari aka ce kada ya dawo. Ya fita da shatin yatsunsa goma a fuskarsa.